Kundin Litinin: hantar Abba da kwalbar man kifi

Litinin, 26 ga Fabrairu, 2024

Bilirubin 3.4. Nauyi kilo 2.1.

Maman Abba ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubutawa, domin duk sa'ad da aka kira daga gida sai mu kama gardama, ni in ce likita ta ce kaza, ita ta ce ba haka aka faɗa ba. To na saya. Litinin ce ranar ɗibar jini, ita za ta fi yawa a nan.

Ga wanda bai san inda aka kwana ba: an haifi Abba ranar 4 ga Janairu a nan Amurka, bakwaini, cikin yana mako 29, nauyinsa kilo ɗaya da kwata. Sunan mahaifina ya ci, Allah ya jiƙansa, shi ya sa ba ma kama sunan. Yana da mako uku cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, aka ga jini a kashinsa, kafin gari ya waye an shiga da shi tiyata. Ciwo ne da ke kama hanjin bakwaini, hanjin ya kumbura ya soma ruɓewa. Aka yanke wanda ya mutu, aka bar masa santimita 38 na ƙaramin hanji, da babban hanjinsa gaba ɗaya. Likitar tiyata ta fito da bakin hanjin sama ta fatar cikinsa, da 'yar jaka a manne tana tarar abin da ya fito, ta kuma fito da bakin na ƙasa a gefe, sai ya yi ƙwari a haɗa su.

Tun daga ranar abincinsa ta jijiya yake shiga. TPN suke ce masa. Mu a gida da mun gani sai mu ce ƙarin ruwa ne, amma ya wuce nan. Jaka ce mai ruwan ɗorawa, an zuba mata sukari da sinadaran gina jiki da gishiri iri-iri da bitamin, sai kuma sirinji daban mai farin mai kamar madara. Duka suna bin siririn bututu da aka zura har babbar jijiyar da ke kusa da zuciya. Kullum mai haɗa magani yake haɗa sabuwa gwargwadon abin da jininsa ya nuna.

Wannan abincin shi ya riƙe masa rai wata guda, yanzu kuma shi ne ya juyo kan hantarsa. Idonsa ya yi ɗorawa, fatarsa ta yi wani duhu mai kore-kore, fitsarinsa kamar baƙin shayi. Lambar da nake rubutawa a sama ta bilirubin ce, irin wanda hanta ta riga ta sarrafa amma ya rasa hanyar fita, ya komo cikin jini. Daga 2 zuwa sama suke ɗaukarsa matsala. Makon jiya 2.6 ne.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Hajiya ta kira da sassafe, can gida ana shirin azahar. Kamar kullum ba ni ta fara tambaya ba. “Ina maigidana?” Na juya mata wayar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Shawara ce wannan. Ba su da rana ne a garin? Da a nan ne da na jiƙa masa saiwar rawaya.”

Na ce mata, “Hajiya, ko ruwa ba a ba shi sai da awo.” Ta ce to su sa shi cikin shuɗiyar fitilar nan da aka sa ɗan ƙanwata. Na yi ta ƙoƙarin bayyana mata cewa shawara iri biyu ce. Ta 'yan kwanakin haihuwa fitila na narkar da ita, domin hantar lafiya lau take, aiki ne kawai ya yi mata yawa. Ta Abba kuwa toshewa ce, ruwan madaciya ne ba ya gudana, fitila ba ta da abin da za ta yi masa. Ta ce Allah ya sawwaƙe, amma na ji a muryarta rawayar ba ta fita ranta ba.

Da yamma aka zaunar da mu, likitar hanji da hanta ta yara, da mai haɗa magani, da mai kula da abincin jarirai. Sun riga sun duba cikinsa da na'ura, hanyoyin madaciyar a buɗe suke. Abin da ya rage abubuwa ne da suka taru suka yi wa hantar taron dangi. Hanta ce ta bakwaini, ba ta gama ƙwari ba. Abinci ba ya bin hanji sosai, saboda haka matsarmama ba ta samun saƙon da zai sa ta matse ta zubar da ruwanta, sai ruwan ya kwanta ya yi kauri. Yawancin hanjin da aka yanke shi ne na ƙarshe, wanda aikinsa mayar wa hanta gishirin madaciya ta sake amfani da shi. Ga ƙwayoyin cutar da suka shiga jininsa lokacin tiyata. Sai kuma man.

Da likitar ta ce farin man nan, Intralipid, daga waken suya ake yin sa, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Shekara uku ke nan ina digiri na uku a kan waken suya. Na auna ganyensa, na ƙirga kwansonsa, na kwana a gona saboda shi. Na san fiye da rabin mansa omega-6 ne, wanda jiki ke gina sinadaran kumburi da shi. Na san faitositerol, ɗan'uwan kolestarol na tsirrai, har na iya jero mata sunayensu. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne, in mutum ya ci man ta baki, hanji ɗan kaɗan yake bari ya shiga, sauran ya koro su waje. Ta jijiya kuwa babu mai gadi a ƙofa. Duka suke shiga, su taru a hanta, su dagula makullin da ke buɗe hanyar fitar madaciya.

Shawararsu: a tsayar da man waken gaba ɗaya, a koma man kifi zalla, Omegaven. Muka sa hannu.

Talata, 5 ga Maris

Jiya 4.6. Nauyi 2.3.

Kwana biyar aka ɗauka kafin man ya iso, takarda ce ta maƙale tsakanin wani ofis da wani, kowa na cewa yana jiran ɗaya. A kwanakin an rage masa man waken zuwa giram ɗaya a kowane kilo, daga uku. Na yi fushi, na faɗi maganganu ga wata baiwar Allah da ba ita ta riƙe takardar ba, na koma na ba ta haƙuri.

Yau da ƙarfe shida na yamma aka ɗaura. 'Yar kwalba ce ta gilashi, mililita 50, ba ta kai kwalbar turare girma ba. Kamfanin Fresenius Kabi na Jamus ke yin ta. Rabon Abba giram ɗaya a kowane kilo a rana, wato mililita 23, cokalin shayi huɗu da rabi, kuma awa 12 za a yi ana ɗiga masa. Nas ta goge bakin bututun da barasar asibiti tana ƙirga daƙiƙa 15 a fili, ta jira ya bushe, ta murɗa, ta danna famfo. Muka zuba ido farin layin yana tafiya cikin bututun a hankali kamar tururuwa, har ya shige ƙarƙashin filastar ƙirjinsa. Maman Abba ta sunkuya ta shinshina kwalbar. Ta ce ba ƙarnin kifi ko kaɗan.

An tambaye mu ko akwai wanda kifi ko ƙwai ke yi wa illa a danginmu, domin akwai sinadarin ƙwai a ciki. Za su riƙa duba yawan mai a jininsa, da yadda jinin ke daskarewa, don man kifi na iya tsinka jini. Likita ta ja mana kunne: kada mu sa rai da makon gobe. Ta ce sau da yawa lambar sai ta ƙara hawa kafin ta juyo, kuma maganar wata biyu ko uku ake yi.

Litinin, 18 ga Maris

Makon jiya 6.1. Yau 7.8.

An faɗa mana, amma ji daban, gani daban. Hawayensa ma ɗorawa ne, sun ɓata farin ƙyallen da ke ƙarƙashin kansa. Likita ta kama yatsana ta ɗora ƙasan haƙarƙarinsa na dama, na ji gefen hantar da tauri. Saifarsa ma ta ɗan sauko.

Yau kwana takwas da kama azumi. A ɗakin iyaye nake buɗa baki da dabino da shayin inji, bayan isha'i in zauna kusa da shi in yi ta karatu a waya har sahur. Ga abin da na tsinta.

Ciyar da mutum ta jijiya gaba ɗaya ba tsohon abu ba ne. A ƙarshen shekarun 1960 wani likitan tiyata a Filadelfiya, Stanley Dudrick, ya raini 'yan kwikwiyo ba su ci komai ta baki ba, suka girma kamar 'yan'uwansu, sannan aka gwada a jaririya. Man waken kuwa Arvid Wretlind ne ya haɗa shi a Suwidin, aka amince da shi a 1962. Ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa, kuma shekaru da dama ba a zarge shi ba. Ana ganin hantar yara na lalacewa, ana ɗora laifin a kan sukari, ko sinadaran gina jiki, ko ƙwayoyin cuta. Yaron da ciwon ya yi wa nisa sai dashen hanta da hanji, in an samu, in ya kai.

Labarin man kifi a asibitin yara na Boston ya faro. A 2002 wata mai haɗa magani, Kathleen Gura, ta nemo Omegaven daga Turai saboda wani yaro da jikinsa ba ya karɓar waken suya. Can Turai ƙari ake yi da shi a kan wani man, ba a ba da shi shi kaɗai. Ita da likitan tiyata Mark Puder suka gwada a ɓeraye, suka ga hantar waɗanda aka ba man kifi ba ta tara kitse. A 2004 suka ba jaririn farko da hantarsa ta riga ta yi nisa, shawarar ta washe. Duk da haka sai a watan Yuli na 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi. Shekara 14, kowane yaro sai an nemar masa izini na musamman.

A ƙungiyar iyayen da aka saka mu a Facebook, da ka ce Omegaven sai ka ga ana ta mu'ujiza, mu'ujiza. Ni aikina gwajin gona ne, ba na iya kashe wannan ɓangaren na kaina. In ka canja iri ka kuma rage taki a rana ɗaya, wanne za ka ce ya kawo bambancin? A nan an cire man wake, an sa na kifi, an kuma rage yawan man zuwa kashi ɗaya cikin uku. Binciken farko-farko kuma da yaran shekarun baya aka kwatanta, waɗanda aka yi jinyarsu a wani zamani daban. Na yi wa likita wannan tambayar ina jin kunya. Ta yi dariya ta ce su ma a taronsu wannan gardamar suke yi. Akwai asibitocin da rage man waken kawai suke yi kuma suna ganin sauƙi. Akwai masu fara wa yaro da SMOFlipid tun ranar farko, wanda gauraye ne: kashi 30 waken suya, 30 mai irin na kwakwa, 25 zaitun, 15 kifi. Amma in lamba ta riga ta hau irin ta Abba, ita man kifi zalla ta fi yarda da shi. Ba faitositerol a cikinsa, ga omega-3 mai kwantar da kumburi, ga bitamin E da yawa.

Sai ta ƙara da abin da nake ta juyawa tun ɗazu. Ta ce man kifi lokaci yake saya mana. Hanjin ne zai warkar da hantar, ranar da ya karɓi aikinsa.

Litinin, 25 ga Maris

8.3. Ba ni da abin cewa. An ambaci kalmar dashe sau ɗaya, a matsayin abin da ba a kai gare shi ba tukuna. Maman Abba ta fita ta bar mana ɗakin.

Litinin, 1 ga Afrilu

7.9. Nauyi 2.8.

Ya sauka da ɗigo huɗu. Nas ta ce kada mu yi guɗa tukuna, awo kan yi 'yar rawa. Mun yi a ɓoye.

Aikin gaske yanzu yana wajen nono. Maman Abba tana tatsa duk bayan awa uku, dare da rana, ba ta azumi saboda haka kuma abin na damunta. Ana ba shi ta bututun hanci, mililita biyu a awa, ɗigo-ɗigo, domin in aka zuba lokaci guda sai ya wuce fuu ya faɗa jaka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da suke yi da na jakar. Nas takan zuƙe shi da sirinji, ta auna, ta rubuta, sannan ta ɗora a wani famfo ta mayar da shi cikin bakin hanjin ƙasa ta siririn bututu. Ranar farko na kau da kai. Yanzu ni nake riƙe mata kofin awo. Ta haka babban hanji yake samun aikin yi, yake tsotse ruwa da gishiri, ba ya zama ya shanye. Shekaranjiya ya yi kashi ta hanyar da Allah ya halitta, karo na farko tun Janairu. Ɗan mitsitsi ne, fari-fari kamar farar ƙasa. Likita ta ce launin muke jira.

An ƙara masa ursodiyol cikin nono, maganin tsinka ruwan madaciya. Likita ta faɗa mana gaskiya cewa da gajeren hanji irin nasa ba duka zai shiga jiki ba. An cire manganis daga jakar TPN, domin ta madaciya yake fita, in hanya ta toshe taruwa yake yi. Jan ƙarfe ma ta nan yake fita, amma shi ba su cire ba, aunawa suke yi, don rashinsa na jawo ƙarancin jini.

Laifina na makon nan: na bar jakar nono a mota kusa da abin ɗumama ƙafa, na tafi ɗakin gwaji awa biyar. Mililita 240. Na gwammace a kore ni daga makaranta da in sake ganin kallon da aka yi mini.

Laraba, 10 ga Afrilu. Ranar Sallah

Litinin 7.1 ne, muna murna. Na je idi da sabuwar shadda, ina fitowa na ga kira shida.

Zazzaɓi, jiki ya saki, numfashi yana ɗaukewa. An ɗebi jini daga bututun da kuma hannunsa, an fara masa maganin ƙwayoyin cuta kafin ma sakamako ya fito. An tsayar da nono. Wannan bututun shi ne bakinsa, kuma shi ne ƙofar da cuta ta fi saurin bi ta shiga jini. Ruwan sukari ne ke wucewa ta ciki awa 24, kuma ga jakar kashi ba ta fi faɗin tafin hannu daga wurin ba.

Na yi ta lissafin ko ni ne. Ranar Lahadi na gyara masa riga, ban tuna ko na wanke hannu bayan na taɓa waya ba. Nas ɗin dare ta ce in bar wannan lissafin, a yara masu gajeren hanji ƙwayoyin kan ratso ne daga hanjin kansa.

Hajiya ta kira yi mana barka da Sallah. Na ce mata maigidanta na barci.

Litinin, 22 ga Afrilu

Washegarin Sallah ya haura 9.0. Yau 6.6.

Ƙwayar cutar hanji ce. An cire bututun, ya yi kwana biyu da ƙaramar allura a hannu, wadda ba ta ɗaukar ruwa mai kaurin sukari, har nauyinsa ya ragu. An sa sabo a ɗaya gefen. Likitar tiyata ta ce manyan jijiyoyin da za a iya amfani da su ƙidayayyu ne, kowace aka rasa an rage jari. Yadda lambar ta yi tsalle cikin kwana uku ya nuna mini cewa zazzaɓi ɗaya na iya rushe aikin man kifi na wata guda.

An dawo da nono, yanzu mililita huɗu a awa. An kuma fara ɗauke TPN na awa biyu a rana, don hanta ta huta da sukari. Sai an rage gudun a hankali kafin a kashe, a kuma soki dunduniyarsa a duba sukari, kada ya faɗi.

Na yi waya da wani abokina tun sakandare, likitan yara ne a wani asibitin koyarwa a Arewa. Na karanto masa lambobin, ya yi shiru, ya ce shi a littafi ya fi sanin wannan ciwon. Sai yaro ya yi makonni a kan TPN hantarsa ke nuna haka, su kuwa iyaye ne ke sayo kwalbar sinadaran gina jiki ɗaya-ɗaya in sun samu kuɗi, mai kuwa sai an yi sa'a. Ya tuna mini wani babban bincike da aka wallafa a 2021, daga ƙasashe 74. Jariran da ake haifa hanjinsu a waje, a ƙasashe mafi talauci kashi 90 cikin 100 ne suka rasu, a ƙasashe masu arziki ba su kai kashi 2 ba. Ya ce, “Mutumina, ciwon ɗanka ciwon waɗanda suka rayu ne.” Na rasa ko in ji sanyi ko in ji nauyi.

Juma'a, 3 ga Mayu

An haɗa hanjin. Awa uku da rabi. Likitar tiyata ta sake aunawa ta ce ya kai santimita 52, hanjin bakwaini yana ci gaba da tsawo. Tun da an buɗe, ta gutsuri ɗan ƙanƙanin nama daga hantar don a duba. Ta ce launinta kore ne mai duhu. Ba jaka kuma. Maman Abba ta tsaya tana ta kallon cikinsa.

Litinin, 20 ga Mayu

Kafin tiyata 5.5, bayanta 5.9, yau 3.7. Nauyi 3.7. Lambobin biyu sun haɗu a hanya, ɗaya na sauka ɗaya na hawa.

Sakamakon naman hanta ya fito: akwai tabo, matsakaici, bai kai ga hantar ta ƙandare ba. Likita ta ce mu riƙe wannan da kyau, domin bilirubin na iya komawa daidai tabon yana nan. Shawara kan washe da wuri, tabo kuwa yakan ɗauki shekaru, kuma abin da aka sani yana rage shi shi ne a rabu da TPN.

Nono ya kai kashi 40 cikin 100 na abin da yake buƙata. Kashi yake yi sau goma sha ɗaya a rana, ɗuwawunsa ya saɓule, muna ta shafa man kariya kamar masu yaɓe. Ƙa'idar ita ce a ƙara mililita ɗaya, a jira kwana biyu, a ƙirga kashi. In ya yi yawa a tsaya. Sau biyu muka koma baya a makon nan.

Amma launin ya zo. Ranar Asabar na buɗe ƙunzugunsa na ga ɗorawa shar, kamar an dama kurkum. Na ɗauki hoto na tura wa Hajiya. Ta ce a rayuwarta ba a taɓa aiko mata da hoton kashi ba, amma ta nuna wa maƙwabta.

An fara ba shi nono a baki, mililita biyar sau uku a rana. Yaron da ya daɗe ba ya ci ta baki yakan tsani a kusanto bakinsa da komai, har ya girma ana fama. Abba ya yamutsa fuska, ya tofar, ya sake laluba.

Litinin, 10 ga Yuni

1.8.

Mako 14 ba kwana ɗaya daga ranar da aka ɗaura kwalbar farko. Farin idonsa ya dawo fari. Sai yanzu muka san ainihin launin fatarsa, ashe hasken mahaifiyarsa ya ɗauko, ni duk na ɗauka ni ya biyo.

Sauran awon hanta, waɗanda ke nuna ko ƙwayoyinta na jin rauni, har yanzu sun ninka daidai sau uku. An ce su a baya suke tafiya.

Yanzu an buɗe sabuwar muhawara. Giram ɗaya na mai a kilo ba ya ba da kuzari da yawa, sai a cike giɓin da sukari, sukari mai yawa kuma kitse yake tara wa hanta. Mai kula da abinci tana son a koma SMOFlipid don a samu damar ƙara mai ya yi girma da sauri. Likitar hanta ta ce akwai yaran da shawara ta dawo musu bayan an mayar da mai wake a ciki, ga kuma tabo, ba ta son a taɓa abin da ke aiki. An auna jininsa a ga ko rashin man waken ya jawo masa ƙarancin mayukan da jiki ba ya iya ƙerawa da kansa, aka ga lafiya lau. Suka tambayi ra'ayinmu. Na ce ni da waken suya sai a gona. An bar shi a kan man kifi, za a sake dubawa bayan wata guda.

Litinin, 24 ga Yuni

0.9. Nauyi kilo 4.6. Nono kashi 60. TPN awa 16 a rana.

Babbar Sallah ta wuce ba zazzaɓi. Hajiya ta yanka masa rago a gida, na suna da bai samu ba.

Ana maganar sallama nan da mako uku, da TPN ɗinsa. Sharaɗin shi ne mu biyun mu iya komai: haɗa jaka, korar iska daga bututu, canja filasta ba tare da mun taɓa inda ba a taɓawa ba, da sanin cewa zafin jiki ya kai 38 asibiti za a nufa ko ƙarfe nawa ne. Da 'yar tsana muke koyo. Maman Abba ta ci jarrabawarta ranar Alhamis. Ni na faɗi, na ajiye murfin bututu a kan zanin gado. Zan sake jibi.

Likita ta ambaci abin da ke gaba in hanjin ya cije: akwai tiyatar da ake tsaga shi gefe da gefe don a ƙara masa tsawo, akwai allurar tedugulutayid mai sa bangon hanji ya ƙara kauri, wadda sai yaro ya cika shekara ɗaya ake ba shi. Ta ce da yadda yake tafiya tana fatan ba za a je nan ba.

Abin da ya rage mini a makon nan: in sayi ƙaramin firiji na jakunkunan TPN kaɗai, in tabbatar kamfanin da zai riƙa kawo kaya gida yana da Omegaven a hannu kafin ranar, kada a maimaita na watan Maris, in kuma nemi mai gidan haya ya gyara soket ɗin ɗakin kwana. Gobe za a gwada mililita 18 a awa.